Mai Takobi da Mai Baka

Bana kowa a Malbaza ya lura Muttaƙa mai gyaran rediyo ya yi kumari. Wuyan nan da abokan wasansa ke cewa na zalɓe ne ya ciko, kuma in ka gaishe shi sai ya riƙe ka da hira har ka ƙosa. A teburin mai shayi wasu sun ce gado ya ci, wasu sun ce wani jiƙo ya dace da shi. Duk ba haka ba ne. Abin da ya faru ƙarami ne, in aka ba baƙo labari dariya zai yi, amma shi mai abin ya san nauyin da aka sauke masa.

Asalinsa ɗan Tajaye ne. Ubansa manomi, kakansa manomi, amma shi tun yana yaro hauya ba ta zama a hannunsa. In aka tura shi gona sai a tarar da shi a gindin gawo yana kwance tocilan ɗin wani. Da uban ya ga ba za a ci gero da wannan ba, sai ya kai shi Ƙonni wajen wani mai gyara. Can ya koyi sana'a, daga baya ya sauka Malbaza, lokacin da kowane ma'aikacin siminti ke ji da rediyonsa. Ya kafa shago a bakin hanya, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran lodi, kuma har yau yana wurin.

Gyaransa ba shi da wani surkulle. Duk abin da aka kawo masa, sai ya fara hura shi, sannan ya cire batir ya ɗora a harshe ya ji ko da sauran rai, sannan ya wanke cikin da fetur da tsohon buroshin haƙori ya shanya a rana. Haka maigidansa na Ƙonni ya koya masa, haka duk masu gyaran yankin ke yi, kuma rediyon da bai tashi da wannan ba, to dama ajalinsa ya yi.

Matarsa Mariyama ta haifa masa 'ya'ya da dama, amma labarin nan na ɗan farinsu ne, Abdussamad. Wanda ya san ƙasarmu ya san yadda ake da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Muttaƙa kuwa ya riƙe wannan kunya da hannu biyu, har ya fi tsofaffin da suka koya masa. In zai yi zancen yaron sai ya ce «wancan» ko «yaron nan». Da aka yaye shi, yayar Muttaƙa, Shatu, wadda gidanta ke bayan nasu, ita ta ɗauke shi. Kada wani ya ce ba ya son ɗansa. Yana son sa fiye da yadda zai iya faɗa, sai dai ba a bar masa ƙofar da zai faɗa ba, shi ma bai nema ba.

Ƙofar ta zo masa a cikin buhu. Wata ranar kasuwa ya sayo buhun gwanjon matattun rediyoyi a Ƙonni don ya riƙa ciro kayan gyara, sai ya tarar da wani akwati mai ruwan toka a ƙasan buhun, da kaset guda a soke a bakinsa, da abin riƙewa biyu masu igiya waɗanda yara ke kira manet. Ya hura, ya haɗa da wata tele, wato talabijin, da mai ita ya manta da ita a shagon. Sai ga kiɗa siriri, sai ga wani ɗan mutum kamar ƙwayar gyaɗa, da takobi a hannu, tsaye a tsakiyar wani ƙauye.

Da niyyar gwadawa ya sayar ya zauna. Azahar ta same shi a wurin.

Wasan na tafiya ne. Wani mugun sarki ya ɗaure ruwan ƙasar, rijiyoyi sun ƙafe, sai ɗan mai takobin ya fita nemansa ta daji da kogo da kango, yana sarar macizai da dodanni. Duk wanda ya kashe, ƙarfinsa ya ƙaru. Mutanen ƙauyukan cikin wasan suna ta magana, amma da wani rubutu kamar sawun kaji wanda ko malaman lakwal, wato makarantar boko, sun duba sun ba da haƙuri. Don haka Muttaƙa ya raɗa wa komai suna da kansa. Jan ruwan da ke mayar da rai ya zama zoɓo. Wani dodo mai ƙaton ciki ya zama Mai Unguwa. A kowane ƙauye akwai wata tsohuwa zaune gaban tukunya, in ka je wurinta kafin ka kashe akwatin, gobe a nan za ka tashi da duk kayanka. Ita ya kira Gwaggo. Bai taɓa tambayar kansa yadda kaset ke tuna inda aka tsaya ba.

Abdussamad yana ajin tsakiya a lakwal a lokacin. Shi ke kawo wa uban abincin rana, ya ajiye kwano a bakin ƙofa ya juya ba tare da ya ɗaga ido ba. Da akwatin ya zo, sai juyawar ta fara jinkiri. Wata rana Muttaƙa, idonsa a kan tele, ya tura manet na biyu da ƙafa zuwa wajen ƙofa. Yaron ya ɗauka, ya latsa, sai ga wani ɗan mutum na biyu ya bayyana da baka da kibiya.

Suka shiga daji tare. Can dodanni suka yi wa mai bakan zobe, Muttaƙa bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

«Mai Baka, ja baya, za su cinye ka.»

«Mai Takobi, kai na ka tare hanya,» in ji yaron.

Duka biyun suka ci gaba da latsawa. Ba a kira sunan kowa ba, ba wanda ya dubi wani, al'ada ba ta ce komai a kan 'yan mutanen cikin tele ba. Daga ranar suka samu wurin magana.

Abin da ba ya faɗuwa a tsakar gida sai ya faɗu a gaban akwatin. Suna cikin ratsa daji Muttaƙa zai ce ya ji an ce Mai Baka bai je lakwal jiya ba, yaron ya ce malamin ne bai zo ba. Shi kuma yaron ya samu bakin da ɗa ba ya samu. Yakan ce Mai Takobi ya cika gaggawa, ya shanye zoɓo tun ba a shiga kogo ba, kuma gaskiya ne, Muttaƙa bai taɓa iya tanadin zoɓo ba. Da an kashe akwatin sai kowa ya koma matsayinsa, ɗa ya ɗauki kwano ya fita kansa a ƙasa. Shatu ta taɓa leƙowa ta gan su, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin gardi da gemu yana gumi a kan aljanin da bai kai ɗan yatsa ba. Muttaƙa ya ce gwaji yake, mai saye na nan zuwa. Mai sayen nan har yau bai iso ba.

Tafiyar ta ɗauke su shekaru, don ba kullum ake da wuta ba, ba kullum shago ke ba da sarari ba, ga rashin jin yaren mutanen ciki. Sun taɓa cinye damina guda suna zagaye wani kango kafin su gane bango ake turawa. Yaro ya zama saurayi. A bakin wani kogi mai kada ne Mai Baka ya yi gyaran murya ya ce akwai wata yarinya a Badaguishiri, Ummulkhairi, 'yar masu lambun albasa. Mai Takobi ya ce zai aika a bincika asalinta, amma a yanzu a kula da kadan. Haka aka yi auren. Ba a daɗe ba suka isa ƙofar gidan mugun sarkin, da manyan makamai da rai cike, suka je wurin Gwaggo ta ƙarshe, suka ce sai ranar da aka samu natsuwa.

Natsuwar ba ta samu ba. Zamani ya juya, kowa ya koma jin labarai a salula, rediyo ya zama na tsofaffi da makiyaya. Abdussamad ya koyi gyaran salula a Ƙonni, hannunsa kuwa ya fi na uban laushi. Ya so a raba shagon biyu, a sa gilashi a gaba, a kwashe matattun rediyoyin nan zuwa baya. Kuskurensa ɗaya, bai kawo maganar gaban akwatin ba. Ya aiko abokan uban su faɗa masa a majalisa, kamar yadda ɗa mai ladabi ke yi. Muttaƙa ya ji kamar ana auna masa likkafani da ransa, kuma a gaban sa'o'insa. Ransa ya ɓaci, ya ɗaga murya yadda har mai shayi ya ji.

«Ku hwaɗa mai shagon ga bai da magaji.»

Magana zarar bunu ce. Kafin magariba ta kai kunnen wanda aka yi dominsa. Bayan girbi Abdussamad ya bi motar masu ci-rani zuwa arewa, ya bar matarsa da jaririyarsu Hafsatu a gidan uban. Sauran 'yan ci-rani suna dawowa da faɗuwar ruwa, shi bai dawo ba. Aike yana zuwa, kira yana zuwa, amma wa Shatu da Ummulkhairi. Muttaƙa ya nannaɗe igiyoyin akwatin ya cusa shi ƙarƙashin tebur. Ya yi nadama tun a ranar, sai dai uba ba ya ba ɗa haƙuri, balle ɗan fari, kuma ko ya so bai san da wane baki ba. Ya rame, ya zama mai saurin faɗa. Abin da ya rage masa na daɗi shi ne Hafsatu, wadda ta tashi tana kiran sa mijinta tana ƙwace masa goro.

Yarinyar ta isa shiga lakwal lokacin da Shatu ta shigo shagon wata safiya, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

«Yaronka na tahe ran Lahadi,» ta ce. «Ya samu shago Agadas, da gida. Iyalinai za shi ɗauka. In kasuwa ta ci ta watse, sun tahi.»

«Allah shi kiyaye hanya,» in ji Muttaƙa, yana goge abin da ba ya bukatar guga.

«Shi ke nan abin da za ka ce?»

«Yaya, mi kike so in ce?»

«Kai ka san abin da ka hwaɗa. Ni na gaji da zama salula tsakaninku. In kana da magana ka hwaɗe ta, in ba ka da, ka yi bankwana da jikarka.»

Tana fita ya durƙusa ya jawo akwatin. Wurin magana ɗaya gare shi da ɗansa a duniya, kuma ga shi nan cike da ƙura da kashin ɓera. Lissafinsa mai sauƙi ne. In yaron ya zo gaisuwa ya ga Mai Takobi da Mai Baka tsaye a ƙofar sarki inda suka bar su, wataƙila ya zauna, in ya zauna kuwa baki zai buɗe. Ya hura, ya haɗa, ya kunna. Tele ta nuna zane-zane, ta yi ƙara, ta ɗauke.

Nan hannu ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarci kai ba. Ya kwance kaset ɗin, abin da bai taɓa yi ba. A ciki ya ga wani ɗan batir kamar maɓallin riga, irin wanda ake ce wa pil, manne da dalma. Ya narka dalmar, ya ciro shi, ya ɗora a harshe. Da ɗan sauran rai, kaɗan. Ya wanke allon da fetur, ya shanya a rana, ya sa sabon batir na agogo, ya mayar da komai tsaf. Ya kunna, kiɗan nan siriri ya tashi garau kamar ranar farko, har ya yi murmushi.

Sai ya duba inda sunayen tafiyarsu ke fitowa, ya ga wayam. Ya kashe ya kunna, ya hura, ya sake kunnawa. Ɗan mutum ya bayyana a ƙauyen farko da guntun takobinsa, ba sulke, ba zoɓo, ba komai. A lokacin ne ya gane cewa ɗan batirin nan shi ne ke riƙe da tunanin kaset duk shekarun nan, da ɗan ran da ya rage masa, kuma shi da harshensa ya lashe tafiyar gaba ɗaya. Garin neman gira ya rasa ido. Ya zauna a kan benci, dattijo mai furfura, yana jin baƙin cikin da ba wanda zai kai wa ƙara, don wa zai ce wa yana makokin aljanun tele? Ranar bai ci abincin rana ba.

Abdussamad ya iso ran Lahadi. Ya yi baƙi, ya yi faɗin kafaɗa. Washegari da la'asar ya zo shago, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

«Baba, ina wuni.»

«Lahiya lau. An zo lahiya?»

«Lahiya lau.»

«Madalla.»

Gaisuwa ta ƙare, ba abin da ya rage sai tashi. Muttaƙa ya bar akwatin a kunne tun azahar, ba don yana sa rai ba, don dai bai san abin da zai yi da shi ba. Kiɗan na ta zagayawa. Ya ji ɗan bai tashi ba. Sai ya sa ƙafa ya tura manet na biyu wajen ƙofa, ya ɗauki nasa.

Wata motar siminti ta wuce, rumfar ta girgiza. Sannan ya ga ɗan mai baka ya bayyana a gefen nasa.

«Ina kayanmu?» in ji Abdussamad, idonsa a kan tele. «Ba nan munka tsaya ba.»

«Mai Takobi ya buɗe kaset. Ya ga pil ciki.»

«Kada dai ya lasa.»

«Ya lasa.»

Wani sauti ya kuɓuce wa Abdussamad ta hanci. Ya yi ƙoƙarin mayar da shi tari, abin ya ƙi, kafaɗunsa suka yi ta rawa. Muttaƙa bai taɓa jin daɗin a yi masa dariya ba sai ranar. Suka fita daga ƙauyen, suka shiga dajin farko, inda macizai ke tafiya a hankali don sababbin shiga. Dattijon ya san in bai faɗa yanzu ba, ba zai ƙara samun wuri ba.

«Mai Takobi ya taɓa hwaɗin wata magana a majalisa,» ya ce. «Bakinai ya riga hankalinai. Bai kwana da daɗi ba tun ranar.»

Mai bakan ya tsaya cak a tsakiyar daji. Sai ya harba kibiya, ya kashe wani maciji da ke nufo uban.

«Mai Baka ya ji. Shi ma da ya kawo maganar shago gaban akwatin ga, da ba ta kai can ba. Bi hagu, akwai rami.»

Suka bi hagu. Muttaƙa ya samu sauƙi, amma da saura, don yafiya daban, motar Agadas daban. Ya rasa yadda zai tambaya, sai ya kewayo.

«An ce in kasuwa ta watse akwai tahiya.»

Abdussamad ya tsinci zoɓon farko ya ajiye bai sha ba.

«Da ƙohwar sarki munka tarar, yau ɗaya mu gama, in yi sallama da hankali kwance,» ya ce. «Yanzu ga mu tun hwarko. Kuma na san Mai Takobi, in an bar shi shi ɗai ko kogon hwari ba ya wucewa.» Ya harba wata kibiya. «Shagon Agadas na abokina ne, bai rasa wanda za shi sa. Amma gilashin nan sai an sa shi gaba, kuma rediyoyin ga baya za su koma.»

«A kai su baya,» in ji Muttaƙa da sauri, kamar mai tsoron a fasa. «Dama ɓeraye na ka kwana ciki.»

Daɗi ya rufe shi har idonsa ya cika, tele ta zama hazo-hazo. Ba zai share ido gaban ɗan fari ba, don haka ya ci gaba da latsawa a makance. Wani ɗan maciji, mafi rauni a duk wasan, wanda ko Hafsatu za ta kashe, ya zo ya sare shi har ransa ya ƙare. Mai Takobi ya faɗi a bakin ƙauye, ko daji bai yi nisa ba.

Abdussamad ya lura, amma bai juyo ba. Ya gyara zama daga tsugune zuwa kan benci, ya miƙe ƙafafu, ya latsa suka sake farawa.